Hadarin da ke Tasowa daga Yamma

Manchester ce ta fara karɓarmu, kuma ba da fara'a ba. Mun sauka ni da matata Rukayya da 'yarmu Ummi a ƙarshen abin da mutanen garin ke kira lokacin zafi, muka tarar da sama a rufe ruf, ana wani yayyafi da ba ya tara ruwa a ƙasa amma yana ratsa mutum har ƙashi. Rukayya nas ce, ita ta samu aiki a wani asibiti a can, aka ba ta ɗaki guda a gidan ma'aikata. Ni kuma gurbin karatuna a Birmingham yake, a jami'ar da ke Edgbaston, inda zan yi bincike a kan ƙasar noma.

Tun daga gida mun san gida biyu za mu yi. Abin da muka yi ta kauce wa shi ne zancen wajen wa yarinyar za ta zauna, sai aikin Rukayya ya yanke mana hukunci. Yau ta kwana a asibiti, gobe ta wuni, ɗakin nata kuma ba a yarda a zauna da yara ba. Haka na ɗauko Ummi muka hau jirgin ƙasa, lokacin ba ta cika shekara huɗu ba. Sunanta na yanka Hauwa'u, sunan mahaifiyata, shi ya sa bakina ba ya iya faɗinsa. Tun daga tasha take kuka har muka wuce garuruwa biyu, sannan ta yi barci a cinyata da biskit a hannu.

Na kama haya a Quinton, can yammacin gari, a saman wani shagon aski. Makarantar yaran da ta karɓi Ummi kuwa tana dab da jami'a. A taswira tafiyar ba wani abu ba ce, amma a bas sai an sauka an sake hawa, kuma a nan na gano 'yata ba ta jituwa da bas ko kaɗan. Da an rufe ƙofa an kunna hita, warin jiƙaƙƙun riguna ya tashi, sai ta yi shiru ta zuba min ido, ni kuma na san abin da ke tafe. Na yi ta yawo da leda a aljihu ina ba mutane haƙuri. Ba wanda ya taɓa yi min magana, sai dai su matsa gefe su kalli taga, kuma da sun zage ni ma da ya fi min sauƙi.

A wani shago a Perry Barr, inda muke sayen doya da daddawa, na haɗu da Oga Bitrus. Ina yi wa Ummi faɗa da Hausa kan ta bar taɓa kayan mutane, sai na ji daga bayana an ce in bar yarinya ta sha iska. Dattijo ne mutumin Jos, ya daɗe a ƙasar yana aikin kula da tsofaffi. Kafin mu gama gaisawa ya san garinmu, ya san abin da nake karantawa, ya san labarin bas da leda. Ya ja ni gidansu, matarsa ta zuba mana gwate, shi kuma ya shiga rumfar bayan gida ya fito da wani baƙin keke mai nauyi, da kujerar yaro a ɗaure a baya da 'yar hular kwano. Ya ce autansu ya girme ta tuni. Na fara laluben aljihu ya ɗaure fuska.

“Ka sa ni a addu'a ranar Juma'a,” in ji shi. “Ni ma Lahadi zan sa ku a church. Mun yi ciniki.”

Keke kam ba wanda zai koya min. A kansa na tashi. Na kai buhun masara kasuwar Malumfashi a kan kariya tun ƙafata ba ta gama kaiwa feda ba, na yi faci a gindin bishiya, na gyara sarƙa da dutse. Don haka da na ɗaure Ummi a kujerarta na taka, ji na yi karon farko tun zuwana ƙasar nan ga wani abu da na fi ƙarfinsa.

Akwai wata hanya da ke bi ta cikin kwari, gefen wani ɗan rafi, babu mota sai masu yawo da karnuka da 'yan keke irina. Daga Quinton takan miƙe gabas, ta ratsa ƙarƙashin wata gada, ta fitar da mutum kusa da jami'a. Da safe rana tana gabanmu in ta ga damar fitowa. Wannan hanya ta zame mana tsakar gida. A ɗaki Ummi ba ta cika magana ba, in ma ta yi, Turancin Birmingham ne da ta kwaso a makaranta, wanda ni da na yi shekaru ina karatu da Turanci sai na ce ta maimaita. Amma da ta ji keke ya fara tafiya sai bakinta ya buɗe. Me wancan? Agwagwa. Wancan fa? Kurege. Me ya sa karen yake sanye da riga? Wannan ban da amsarsa har yau. Ina gaya mata sunayen abubuwa da Hausa tana maimaitawa a bayana, in ta gaji ta kama waƙa tana dukan bayana da tafi. Kewar gida na damuna a lokacin, musamman in na tuna an fara girbi ba ni, amma a kan keken nan ban cika tunawa ba.

Ɗalibai 'yan uwana kuwa sun samu abin yi. Ranar Juma'a in na jingine keke a ƙofar masallaci sai ka ji ana cewa ga Malam Lawal mai goyon ƙarfe, wani ya ce saura a saya min zani. Nakan ce musu su ci gaba da tsayuwa a tashar bas suna rawar ɗari, ni da direbana mun wuce.

An cuce ni sau ɗaya a wannan tsakanin, kuma cutar ta ba ni dariya daga baya. Wani mai tebur a kasuwa ya sayar min da jar rigar ruwa ta yara, ya dafa ƙirji ya ce ko a kogi aka jefa yarinya ba za ta jiƙe ba. Ruwan farko da ya taɓa ta, rigar ta saki launi. Ummi ta isa makaranta wuyanta da hannuwanta jawur, malamarsu ta tsorata har ta fara neman inda ta ji ciwo. Na koma kasuwar ban sake ganin ko teburinsa ba.

Sai hunturu ya shigo, aka fara sallar magariba tun yara ba su gama tashi daga makaranta ba. Na ɗaura fitila gaba da baya, na ce to bismillah.

Ya kamata in faɗi wani abu game da mahaifina, don a gane abin da ya biyo baya. Manomi ne, kuma a ƙauyenmu in ana shakkar ruwa shi ake tambaya. Zai fito ƙofar gida ya juya gabas, ya ɗan lumshe ido, ya ce a kwashe shanya ko ya ce a bar ta. Shi ya koya min cewa hadari daga gabas yake tasowa. In ka gan shi a gabas ka nemi mafaka, in ka gan shi a yamma ka ci gaba da aikinka, wannan ya riga ya wuce, rabon wasu ne. Ban taɓa ganin wannan ya saɓa ba tun ina yaro. Hadarin garinmu kuma yana da ladabi, sai ya yi baƙi, iska ta kaɗa, a yi tsawa, mata su kwashe kaya, awaki su shigo, sannan ya sauka. Da wannan ilimi na zo, kuma ina ji da shi fiye da takardun da suka kawo ni. Wayata tana nuna yanayin gari, amma na gwada ta kwana kaɗan na raina ta. Sai ta ce ruwa da safe a yi rana, ta ce rana a yi ruwa. Na ce ni ɗan manomi ne, waya ba za ta koya min kallon sama ba.

Kowace safiya sai in fito ƙofar shagon askin in juya gabas, in lumshe ido yadda Baba ke yi. In na ga garau sai in cusa rigar ruwa a ƙasan jaka mu kama hanya. Wata rana muna tsakiyar kwari Ummi ta ja min riga.

“Abba, baƙi a baya.”

Na waiga, na ga hadari ya haɗu a yamma, can saman unguwarmu. Na ce mata kada ta damu, wannan ya wuce, ruwan wasu ne. Ban gama rufe baki ba ya sauko mana a ƙeya, ba tsawa ba sallama, ga sanyi kamar daga firji aka ɗebo shi. Kafin in tsaya in zazzage jaka mun jiƙe sharkaf. Na ce yau dai an samu akasi. Bayan kwana biyu aka sake, ta ce baƙi a baya, na ce ya wuce, ya zo. Mutum mai hankali da ya tsaya ya yi tunani a nan, amma ni taurin kai gadonmu ne, Rukayya ma takan ce in na kafe a kan abu gara a yi magana da bango.

Rana ma ta yaudare ni. A gida in ta fito sanyi ya kama gabansa. A nan kuwa ranar da sama ta wanke tas, rana ta fito fes, ranar ce sanyi ya fi cizo, ciyawa ta yi fari, ruwan kan hanya ya daskare. A irin wannan safiya na rage wa Ummi kaya, na ce yau Allah ya kawo mana sauƙi. Muka isa makaranta yatsunta sun ƙage, ta kasa riƙe kofi. Malamar ta ɗauke ta ta zaunar kusa da hita, ta cire nata safar hannun ta sa mata. Washegari na tarar da wasu ƙananan safar hannu na ulu a jakar Ummi, ba takarda ba bayani.

Jiƙewa ta uku ce ta kwantar da ita. Tari ya fara, zazzaɓi ya biyo, numfashinta yana wani ƙara da ban taɓa ji ba. Likita ya ce ƙirji ne, ya ba da magani, ya ce a ajiye ta a ɗaki. Na ji tsoro ƙwarai. Rukayya ta nemi wata ta karɓar mata aiki ta biyo jirgi. Ta shigo ta ɗora kunne a bayan yarinyar, ta duba idonta, ta duba takalman da ke bushewa a kan hita, sannan ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambayi Ummi ko ruwa ya dake su, Ummi ta ce sau uku, kuma ta gaya wa Abba amma ya ce ya wuce.

Da yamma Hajiya, mahaifiyar Rukayya, ta kira daga Kaduna. Hajiya ba ta taɓa gaya min magana marar daɗi ba, ranar ma ba ta gaya min ba. Ta yi min sannu da ɗawainiya, ta ce namiji da karatu da raino abin ya yi yawa, ga ƙasar sanyi. Ta ce a kawo mata jikarta ta riƙe har in gama, ga 'yan uwa ga rana ga makaranta a bayan gida. Karatun nawa kuwa shekara uku ne. Na ce to Hajiya, za mu duba, don ba a yi wa suruka musu. Amma na san maganarta akwai gaskiya a ciki.

Kafin Rukayya ta koma ta fita ta dawo da wani ɗan jan akwati. Ta ce tana da hutu a ƙarshen hunturu, za ta je gida, kuma in abin bai canza ba da Ummi za ta tafi. Ta ce ba fushi take ba, ita ma ba ta son 'yarta ta yi mata nisa haka, amma ta ga abin da ciwon ƙirji ke yi wa yara, ba labari aka ba ta ba.

“Kafin nan zan zo in yi muku sati,” ta ce. “Ba na son report a waya, Abban Ummi. Da idona zan gani.”

Ta ɗora akwatin a saman kabad ta tafi. Duk inda na zauna a ɗakin ina ganinsa.

Kwanakin jinyar nan a bakin taga na yi su, Ummi a jikina. Tagar ɗakinmu yamma take kallo, kuma ba ni da abin yi sai kallon rufin gidaje. A nan na ga abin da ya kamata in gani tun tuni. Gajimare yana fitowa daga inda rana ke faɗuwa, ya taho kanmu, ya wuce gabas. Na ce ƙila na yau ne. Washegari haka, jibi haka. Ashe a ƙasar nan mafi yawan ruwa daga yamma yake zuwa, ni kuwa kullum ina ba shi baya ina leƙen inda ya riga ya tafi. Yarinyar da ke zaune a bayana tana waige-waige ita ce ke ganin gaskiya. Na kira Baba na gaya masa. Ya ce in sake faɗa. Da na maimaita sai ya yi dariya har da tari, ya ce lalle na yi nisa da gida, tunda na je inda ruwa ke bin mutum ta baya.

Da Ummi ta warke na sake tsari gaba ɗaya. Matar Oga Bitrus ta raka ni muka sayo rigar ruwa ta gaske, wadda ke rufe yarinya da kujerarta har ƙafa. Na koyi sa mata kaya hawa-hawa, mai laushi a ciki, ulu a tsakiya, mai tare iska a waje, yadda in gari ya canza a hanya sai a ƙara ko a rage. Rigar ruwa ta bar ƙasan jaka ta dawo kwandon gaba. Na shirya da waya ma, ina dubawa, ko da yake har yanzu ruwan garin nan ba kullum yake bin abin da ta ce ba. Ranar da rana ta fito fes kuma ciyawa ta yi fari, ba na hawa a gangaren kwari, sai in sauka in tura, don na taɓa zamewa ni kaɗai a wajen na san yadda ƙasar take da tauri.

Babban canjin shi ne na naɗa Ummi mai gadin baya. Na gaya mata ni idona yana kan hanya, ita nata yana kan yamma, kuma duk lokacin da ta ce baƙi zan tsaya. Ta ɗauki aikin da gaske fiye da yadda na zata. An tsayar da ni saboda hayaƙin wani gida. An tsayar da ni saboda garken tsuntsaye. Wata rana aka tsayar da ni saboda wani dogon Bature mai baƙar kwat da ke tafe a bayanmu, na yi ta gaishe shi don kunya. Raina yakan so ya ɓaci, musamman in ina da aiki a ɗakin gwaji, amma na yi alkawari, sai in ja birki in waiga. Kuma sau da yawa gaskiyarta ce. Muka ci sauran hunturun haka, ruwa da iska da 'yar dusar ƙanƙara, ko atishawar kirki ba ta yi ba. Mun ji daɗin kwanakin nan sosai, in ban da akwatin da ke jirana a saman kabad kowace yamma.

Rukayya ta zo ranar Lahadi. Litinin da safe gari ya waye tas, rana tana ƙyalli a gilashin shagon aski. Tana kallona ina sa wa Ummi kaya ɗaya bayan ɗaya, ta ce wannan jibgi fa, yau ai gari ya yi kyau. Ita daga ɗakinta zuwa wajen aikinta tafiyar ba ta fi ta ratsa tsakar asibiti ba, ba ta san halin sama ba duk da zamanta a Manchester.  Tunda ba ta iya keke ba, muka shirya ta hau bas ta jira mu a ƙofar makaranta. Ta fita da mayafi da 'yar rigar sanyi, ko laima ba ta ɗauka ba.

Na taka da ƙarfi ranar, ba zan ɓoye ba. So nake mu riga ta isa, ta sauko daga bas ta tarar da mu a tsaye muna jiranta. Mun wuce rabin kwari, gadar tana gabanmu kaɗan, rana na dukan fuskata, sai na ji an ja min riga.

“Abba, baƙi.”

Na ɗan waiga a kan tafiya. Wani siririn baƙi ne can ƙasa-ƙasa a bayan bishiyoyi, bai kai a kira shi hadari ba. Na auna a raina, na ga in na ƙara wuta za mu iya isa kafin ya iso. Bayan gadar kuwa fili ne, babu wata mafaka sai makaranta. Zuciyata ta ce wuce, yau ba ranar makara ba ce. Ummi ta sake jan rigar.

“Abba, ka ce za ka tsaya.”

Na ja birki a ƙarƙashin gada. Na sauke ta na lulluɓe ta da rigar ruwa, na ɗaure igiyar a haɓarta, ina yi ina jin haushin kaina don har lokacin rana ake yi. Wani mai keke ya wuce mu a guje yana kallonmu. Sai haske ya ɗauke kamar an ja labule, iska ta taso, ƙanƙara ta fara zuba, ƙanana kamar dawa, tana tsalle a kan hanya, ruwa ya biyo bayanta a karkace. Muka matsa can ciki. Ummi ta miƙa hannu tana tarar ƙanƙarar tana dariya, ni kuma ina tunanin Rukayya a ƙofar makaranta tana duba agogo. Wayata tana ƙasan jaka, ƙarar ruwa a kan gada ba ta bari na ji kiranta ba.

Mun daɗe a wajen kafin ya tsagaita. Hanya ta yi santsi, don haka tura keken na yi har muka fita daga kwari. Da muka ɓullo kan layin makaranta an riga an shiga da yara, Rukayya ce kaɗai a bakin ƙofa. Mayafinta ya manne mata a kai, ruwa na ɗiga daga haɓarta, waya a hannu. Malamar ta yi ta kiranta ta shigo ciki, ashe ta ƙi, wai sai ta ga ta inda za mu fito.

Ba ta kalle ni ba. Ta durƙusa ta ɗage rigar ruwan, ta sa hannu a wuyan Ummi, ta zura shi a bayanta, ta cire mata takalmi ɗaya ta matsa safar. A bushe take. Ta cire ɗayan ma ta matsa. Ummi ta ce hannun Mama da sanyi.

“Ina kuka tsaya?” Rukayya ta tambaye ta.

“Under the bridge. Ni na gani, Mama. Ni ce mai gadin baya.” Ta dubi uwarta sama da ƙasa. “Ke ba ki duba yamma ba.”

Sai a lokacin Rukayya ta ɗago ta dube ni. Ta ce, “Ita ta ce ka tsaya?”

Na ce ita ce.

“Ana rana?”

Na ce ana rana.

“Kuma ka tsaya.”

Ta daɗe tana kallona, kamar wadda aka canza wa miji a hanya.  Na cire rigata na yafa mata, ta kama hannun Ummi ta kai ta ciki.

Sauran kwanakin ba ta ta da maganar ba, ni ma ban tambaya ba. Ta yi mana tuwo da miyar kuka, ta wanke labule, ta yi mura ta kwana biyu, Ummi tana yi mata sannu tana gaya mata a riƙa sa kaya hawa-hawa. Na ji ta sau ɗaya a kicin tana waya da Hajiya, muryarta ƙasa-ƙasa, ban kasa kunne ba don ina tsoron abin da zan ji.

Ranar da za ta koma, na shigo na tarar ta sauko da jan akwatin ta buɗe shi a kan gado. Ashe tun wancan zuwan ta zuba kayan zafi na Ummi a ciki, 'yan riguna marasa hannu da silifas. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya ta mayar cikin kabad, ta zuba nata kayan a akwatin, ta ja zif.

“Jakata ta yage,” ta ce, ba ta dube ni ba. “Zan tafi da wannan.”

Muka raka ta tashar jirgin da ke kusa da jami'a, ita a bas da akwatinta, mu a keke. Da jirgin ya tashi na ɗaure Ummi a kujerarta, na gyara mata hular kwano, muka juya gida. A komawa yamma tana gabana, ina ganin komai da idona, ba na bukatar mai gadi. Duk da haka da muka shiga kwari na tambaye ta yaya baya.

Ta waiga ta duba da kyau, ta ce, “Lafiya lau, Abba. Taka.”